Ƙarar saba ta hana mu barci: ruwa zai yi maganinta?

Mai Saba a Lungu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema kafin uwargida ta kai ƙarata gidan tsofaffi. Wata uku ke nan da na sayi tsohuwar saba, wato babbar kwamfutar ofis mai aiki dare da rana, a hannun masu kawo kayan gwanjo na ofisoshi, irin mai kaurin 2U, furosesa biyu na Xeon, faifan ajiya takwas a gaba. Na ɗora ta a ƙaramin rak, kantar ƙarfen da ake jera irin waɗannan injina, tare da suwic na haɗa wayoyin netiwok mai rami 24, a lungun da ke tsakanin falo da ɗakin barci. A kanta nake koyon Proxmox, manhajar da ke raba kwamfuta ɗaya ta yi aikin da yawa, hotunan gida da na kyamarorin shago ma can suke taruwa.

Aiki kam tana yi, ban da abin cewa. Matsalar ƙara ce. Idan aka kunna ta, minti na farko sai ka rantse injin markaɗe aka tayar a tsakar gida. Daga baya takan lafa, amma sai ta koma wani siririn zuuu da ba ka jinsa da rana, dare na yi ya shiga ƙashi. Na auna da waya: desibel 58 daga nisan mita ɗaya, 44 a bakin gado bayan an rufe ƙofa. Ina ganin masu sa wa kwamfuta ruwa, fankoki suna juyawa a hankali kamar ba sa so. Shin in na yi wa rak ɗin nan haka zan samu lafiya? Wanda ya taɓa yi ya taimaka.

Ɗan Gem:
Wa alaikumussalam Yaya. Ruwa ne maganinta, kar ka saurari kowa. Shekara biyu kwamfutata na kan ruwa, sai na kalli fitila nake sanin a kunne take.

Ɗan Damagaram:
Ai sunanta ya gaya maka, saba. Kai ma ka saba da ita kawai 😂

Malam Lissafi:
Kafin a fara sayayya, wat nawa take sha? Ba abin da aka rubuta a bayanta ba, wanda mita ta nuna.

Mai Saba a Lungu:
Malam, inbata tana nuna kusan 190 idan tana zaune, har da suwic. Idan na ɗora mata aiki takan kai 300.

Malam Lissafi:
To madalla, yanzu muna da abin magana. Duk wat ɗin da ya shiga injin nan zafi yake komawa, babu wanda ke ɓacewa a hanya. Wato kana da hita mai wat 190 zuwa 300 a lungunka dare da rana. Ruwa ba ya cinye zafi, dako kawai yake yi, ya ɗauko daga kan furosesa ya kai wani wuri. Amma fa ɗan dako ne na gaske. Lita ɗaya ta ruwa sai ta sha jul 4,180 kafin zafinta ya ƙaru da digiri ɗaya, lita ɗaya ta iska kuwa jul 1.2 ya ishe ta. Ninki wajen 3,500 ke nan. Shi ya sa siririn tiyo yake ɗaukar abin da sai an yi guguwa iska za ta ɗauka.

Sai dai a ƙarshen tafiya dole ruwan ya sauke kayan a kan iska, a cikin lagireto, kuma fanka ce dai za ta hura. Bambancin yana ga girman fankar. Kowane U na rak inci 1.75 ne, milimita 44.45. Akwatin 1U ba ya ɗaukar fankar da ta wuce milimita 40, na 2U irin naka yawanci 60, wani 80. Ƙaramar fanka ba ta da hanyar tura iska mai yawa sai gudu, shi ya sa suke haura juyi 10,000 a minti. Fankar milimita 120 ko 140 a kan lagireto tana iya yin aikin a juyi 800. Kuma ƙa'idar fanka ita ce idan ka rage gudunta da rabi, ƙararta na sauka da kusan desibel 15. Kunnen mutum yana jin ragin desibel 10 kamar an raba ƙara biyu. Ka riƙe wannan lissafin, don zai yi maka amfani ko ba ka sa ɗigon ruwa ba.

Anti Linux:
Bari in shigo nan, don ina ganin Ɗan Gem zai sa bawan Allah ya kashe kuɗin azumi. Ƙanena, kwamfutarka ta wasa da saba ba ɗaya ba ne. A taka, furosesa da katin hoto su ne masu zafi, ka rufe su da bulon ruwa, ƙarfen da ruwa ke ratsawa ta cikinsa, ka huta. Ita saba an gina ta ne a kan iska mai ƙarfi da ke shiga ta gaba ta fita ta baya, kuma komai na cikinta a wannan iskar ya dogara: RAM, ƙananan na'urorin daidaita wuta da ke gefen furosesa, katin da ke riƙe faifai, katin netiwok, da faifan ajiyar su kansu. Babu ɗayansu mai fankar kansa. Ka sa wa furosesa ruwa ka cire fankoki, furosesa zai yi sanyi kalau yana nuna maka 45, katin faifai kuma yana dahuwa a gefe ba mai gaya maka.

Na biyu, akwai ƙaramar kwakwalwa a jikin bod da ke lura da fankoki, Dell suna ce mata iDRAC, HP iLO, Supermicro sun bar ta da sunan IPMI. Da ta ga fanka ɗaya ta ɓace sai ta ɗauka an shiga uku, ta buɗe sauran gaba ɗaya. Na uku, akwatin wutar saba yana da tasa 'yar fankar ta milimita 40 a ciki, kuma ba wurin da za ka sa hannu ba ne. Haka ma suwic ɗinka. Sai ka gama aikin ruwa, ka tsaya, ka ji zuuu ɗin nan yana nan daram.

Ɗan Gem:
Anti, ai ba cewa na yi ya cire duka ba. Idan ruwa ya ɗauke zafin furosesa biyu, fankokin ciki sai a rage su ƙasa sosai. Kuma manyan kamfanoni ruwan suke amfani da shi yanzu. Rak ɗin Nvidia na GB200 NVL72 wajen kilowat 120 yake sha, da ruwa ake sanyaya shi. Su ba su san abin da suke yi ba ne?

Anti Linux:
Sun sani sarai. Amma ba don barcin uwargida suke yi ba, don iska ta gaza ne. Kilowat 120 ina, wat 190 ina? Ruwa a kwamfuta ma ba sabon abu ba ne, IBM tun shekarun 1960 suke sa wa manyan injinansu, suka ajiye shi a shekarun 1990 da suka koma furosesa marasa cin wuta. Ka lura da dalilin ajiyewar: wuta aka rage, sai buƙatar ruwa ta tafi.

Kawu Mai Lagireto:
Salamu alaikum. Ni ba masanin saba ba ne, ɗana ne ya jefa ni rukunin nan don harkar sola. Amma shekara talatin ina walda da wankin lagireto, kuma abin da kuke faɗa lagireto ne, ko da an sa masa fitila mai launi.

Ɗana mai tambaya, abu uku. Kada ka haɗa jan ƙarfe da alminiyam a ruwa ɗaya. Bulon da ake ɗorawa kan furosesa jan ƙarfe ne, in ka je ka samo lagireton motar zamani na alminiyam don araha, ruwan zai zama kamar batir a tsakaninsu, alminiyam ɗin ne zai ci kansa har ya huje. Na sha yanka irinsu, ciki ya yi fari fat kamar an zuba alli.

Kada ka sa ruwan rijiya ko na burtsatse. Ka leƙa cikin butar da ake dafa ruwan shayi ka ga abin da yake bari. Ramukan bulon nan sun fi na lagireton mota ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Tataccen ruwa za ka nema, wanda ake ƙara wa batir, amma ka tabbata ba mai asid aka miƙo maka ba, don a kasuwa duka biyun ruwan batir ake ce musu. Sai ka sa masa maganin tsatsa da na gansakuka.

Na uku tiyo. Farin nan mai nuna ciki yana da kyau a hoto, amma zafinmu yana busar da shi, ya yi tauri, bakin ya saki. Baƙin roba irin na mota shi ne na aiki. Kuma kowane baki a ɗaure shi da kilif, kada ka ce ai ya kama.

Mai Saba a Lungu:
Allah ya ƙara girma, Kawu. Wallahi lagireton mota nake shirin nema, kun tare ni a hanya.

Ɗan Gem:
Kawu ya yi gaskiya, baƙin tiyon EPDM ake ce masa, shi nake amfani da shi. Yaya, ga tsarin da nake nufi. Ka nemi babban lagireto na waje irin MO-RA na kamfanin Watercool na Jamus, wanda ke ɗaukar fanka tara. Ka fasa bango, ka kafa shi a waje, tiyo biyu su shigo. Famfon D5 zai iya, wat 23 kawai yake sha, yana tura ruwa sama kusan mita huɗu. Ka ga zafin ma ya bar gidan, ba ƙara kaɗai ba. Malam ai shi ya ce hita ce a lungu, to a fitar da hitar waje.

Malam Lissafi:
Nan kam yaron ya faɗi abin da ya fi komai ƙarfi a hujjar ruwa, a ba shi haƙƙinsa. Fitar da zafi daga ɗaki ta ramin da bai fi yatsa biyu ba, iska ba za ta yi maka wannan ba. Amma a yi lissafin Afrilu. Lagireto ba ya sanyaya ruwa ƙasa da iskar da ke hura shi. Rana ta kai 41 a inuwa, ruwanka zai zauna wajen 48 zuwa 51. Furosesa ba zai damu ba, yana da sarari har 80 da wani abu. A Jamus ma, babbar kwamfutar SuperMUC da aka kafa a Garching kusa da Munik a 2012 da ruwa mai ɗumi na wajen digiri 40 aka sanyaya ta, da gangan. Wanda zai ji jiki famfo ne, don D5 iyakarsa 60. Idan rana ta faɗo kan baƙin lagireto kai tsaye, ka matso iyakar. Dole inuwa, dole rumfa, sannan ƙurar hunturu za ta toshe haƙoran lagireton cikin sati biyu in ba a hurewa.

Kawu Mai Lagireto:
Da ɓera. Kowa ya manta da ɓera. Na taɓa ja wa wani kulan ruwa tiyo ta bayan ɗaki, lokacin zafi ɓeraye suka ji sanyin ruwa a jikinsa suka huda shi wuri uku a dare ɗaya.

Ɗan Damagaram:
Yanzu da gaske nake, ba wasa ba. Me zai hana a naɗe bututun jan ƙarfe a tsoma cikin randa? Ruwan randa a nan wurinmu ko a watan Mayu sanyi gare shi. Ba fanka, ba ƙara.

Malam Lissafi:
Ba shirme ba ne. Dabarar da Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa, ya yi da tukunya cikin tukunya ke nan, har ya samu kyautar Rolex a 2000. Ruwa yana tsatsafowa ta jikin yumɓu, ya bushe, ya tafi da zafi. Kowace lita da ta bushe tana ɗauke kilojul wajen 2,400. Wat 300 kuwa kilojul 1,080 ne a awa. Wato sai kusan rabin lita ya bushe duk awa, lita goma sha ɗaya a yini. Randa ɗaya ba ta da faɗin jikin da za ta busar da wannan, za ta ɗumame ne a hankali har ta zama ruwan wanka. Tumatir da alayyafo ba sa haifar da wani zafin a zo a gani, saba tana haifarwa ba hutu. Ga damina kuma, Agusta iska ta jiƙe, bushewar ta tsaya.

Kuma tunda an zo nan, kada wani ya ce zai jefa ƙanƙara a tankin. Da ruwa ya yi sanyi fiye da kima, raɓa za ta keto a jikin tiyo kamar kwalbar lemo da aka ciro daga firji, kuma a kan bod za ta ɗiga.

Anti Linux:
Ga wani abin da ba a taɓo ba. An ɗauke wuta, inbata ta karɓa, lafiya. Ranar da famfo ya tsaya fa, kai kana shago? Fanka ɗaya ta mutu akwai biyar. Famfo ɗaya ne. Furosesa zai rage gudu ya kashe kansa, wannan da sauƙi. Yoyo ne ba sauƙi, don a rak kaya a jere suke sama da ƙasa, abin da ya zubo daga na sama a kan na ƙasa zai sauka. Kuma hotunan yaranka ne a ciki.

Mai Sola:
Ni duk kun ba ni mamaki. Wat 190 sau awa 24 kilowat-awa 4.56 ne a rana, kusan 137 a wata. Batir 200Ah mai bolt 12 kilowat-awa 2.4 ne, rabi kake iya ci in kana son ya yi rai. Daren awa goma saba da suwic kaɗai sun cinye kusan batir biyu. Ka sayar da ita ka sayi 'yar ƙaramar kwamfuta mai Intel N100, furosesan wat 6, Proxmox zai hau, kyamarori za su hau, ka sa ta a aljihun tebur ka manta. Ana maganar a yi wa jaki wanka da sabulu mai tsada, alhali keke ake buƙata.

Mai Saba a Lungu:
Gaskiya ce mai ɗaci, amma aikin da nake nema irin waɗannan injinan ake tambaya a kai. Ina son hannuna ya san IPMI, ya san cire faifai injin na kunne, ya san RAM mai ECC, mai gyara kuskurensa da kansa. Ƙaramar ba za ta koya mini wannan ba.

Ɗan Gem:
Kullum haka ne a rukunin nan. Mutum ya zo da sha'awar gina abu, tsofaffi su taru su kashe masa gwiwa. Wanda bai taɓa ɗaura fitin tiyo ko ɗaya ba shi ke ba da labarin yoyo.

Anti Linux:
Ƙanena, na ɗaura, na kuma share ruwa daga kan katin da na tara kuɗinsa wata huɗu. Zoben roba ɗaya ne ya murɗe wajen ɗaurewa, ban gwada da iska ba kafin in zuba ruwa. Ba sha'awa nake kashewa ba.

Admin:
A yi haƙuri da juna. Ɗan Gem, Anti ta girme ka a shekaru da a aiki. A ci gaba.

Ɗan Gem:
Afuwan Anti, bakina ne ya yi sauri.

Anti Linux:
Ba komai. Mai tambaya, ga abin da zan ce ka yi kafin ka sayi ko kilif ɗaya. Buɗe ta ka share. Canza man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen shan zafi, na gwanjo yawanci ya bushe ya zama kamar ƙanzo. Shiga BIOS ka sauke ta daga tsarin cikakken ƙarfi zuwa na tattalin wuta. Duba ko akwai katin da ba na kamfanin ba, wasu injinan da sun ga baƙon kati suke ɗaga fanka don ba su san zafinsa ba. Idan aikinka bai kai ba, cire furosesa ɗaya, amma ka sani rabin ramukan RAM da wasu ramukan kati za su mutu tare da shi. Sannan ka gwada ipmitool, manhajar ba wa ƙaramar kwakwalwar nan umarni, tsofaffin injina da yawa suna yarda ka saita gudun fanka da hannu. In ka yi haka, ka rubuta ɗan sikirif, wato jerin umarni, da zai mayar da ita kan otomatik idan zafi ya haura. Kuma wayar netiwok tana tafiya mita 100, ban ga dalilin da zai sa saba ta kwana a jikin bangon ɗakin barci ba. Hukumar Lafiya ta Duniya desibel 30 ta ba da shawara a ɗakin kwana, kai kana 44.

Mai Saba a Lungu:
Na dawo da rahoto, kwana tara ke nan. Da na ɗaga murfi na ji kunya. Ƙura ta yi dandaƙe a gaban ƙarfen shan zafi kamar an shimfiɗa bargo, na ɓamɓaro ta da yatsa ta fito a haɗe, har da fiffiken gara. Na hure da bulowa a tsakar gida, ina danne fankokin da yatsa kada su juya. Man furosesa kuwa sai da na kankare. Na cire furosesa ɗaya, na tattara RAM gefe guda, na zare wani katin netiwok da ban ma taɓa amfani da shi ba. Tawa ta karɓi umarnin ipmitool, na ajiye fankoki a kashi 20 cikin ɗari.

Yanzu wat 125 take sha. Furosesa yana zama wajen 58, faifai 40 zuwa 42. Waya ta nuna 46 a mita ɗaya maimakon 58. Da saba ta yi shiru sai ga ainihin mai laifin dare ya fito fili: siririn kukan nan ashe na suwic ne. Na maye shi da ƙarami mai rami takwas marar fanka. Jiya muka kwashe rak ɗin zuwa sito kusa da kicin, na ja waya mita 18 ta saman silin. A bakin gado yanzu ba na jin komai, uwargida ta ce janareton maƙwabta ne ya dawo mata sabo.

Amma Ɗan Gem, ban fasa ruwa ba. Ina haɗa wani akwati na 4U da katin hoto a ciki, shi ba shi da kwakwalwar da za ta yi mini gardama. A kansa zan koya.

Ɗan Gem:
Yauwa Yaya! Ka fara da famfon gwajin iska, ka hura matsin iska rabin "bar" ka ƙyale shi kwata awa, allura ba ta motsa ba sannan ruwa. Anti ce ta koya mini 😅

Anti Linux:
Ka sa ido kan zafin siton da rana. Yawancin injinan nan 35 ne iyakar iskar da aka yarda su shaƙa, sito kuma ba taga. Kashi 20 na watan nan ba zai ishe ka a Afrilu ba.

Kawu Mai Lagireto:
In ka tashi na 4U ɗin ka yi mini magana, ina da lagireton tsohuwar Fijo 504 na jan ƙarfe a rataye, sai dai zai sha wanki kafin ya kusanci bulonka. Sito kuma akwai buhun shinkafa ko? Ramin da ka fasa na waya, ka toshe shi da siminti yau ɗin nan, ba da tsumma ba.